Darasi na 12: Abokin Ƙuruciya

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. bambanta ma'anar kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen maganar abota;
2. bayyana matsayin abokin ƙuruciya a al'adar Hausawa;
3. kawo karin magana biyar da suka shafi zaman tare;
4. amfani da lokaci sabau a cikin jimla;
5. rubuta wasiƙar zumunci zuwa ga aboki ko ƙawa.

Gabatarwa

Ya ku ɗalibai, nan da shekara biyu ko uku za ku rubuta jarrabawar ƙarshe, kowa ya kama gabansa. Wani zai tafi jami'a, wata za ta koyi sana'a, wani kuma iyayensa za su koma wani gari da zama. Daga cikin mutanen da kuke gani kullum a yau, akwai waɗanda ba za ku sake haɗuwa da su ba. Akwai kuma 'yan kaɗan da za su iya zama tare da ku har tsufa, in kun san yadda ake riƙon su. Mutum yana iya yin sabon aboki a kowane lokaci na rayuwarsa, amma abokin ƙuruciya sau ɗaya ake yin sa, domin ƙuruciya ba ta dawowa. Wannan darasi zai nuna muku yadda Hausawa suke kallon irin wannan aboki, da kalmomin da suke kiran sa da su, da kuma nauyin da al'ada ta ɗora masa.

Kalmomin Abota

Kalmar da kuka fi sani ita ce *aboki*, jam'inta *abokai*. Namiji yakan kira namiji ɗan'uwansa da suke hulɗa *abokina*. Mace kuwa takan kira 'yar'uwarta mace *ƙawata*, jam'i *ƙawaye*. Ku lura da wannan bambanci sosai, domin masu koyon Hausa sukan yi kuskure a nan. Namiji ba ya kiran namiji ƙawarsa.

Sama da aboki akwai *amini*, mace *aminiya*, jam'i *aminai*. Amini shi ne abokin da aka amince da shi, wanda ake gaya wa sirri, ake kuma ba shi ajiya ba tare da shaida ba. Mutum yana iya samun abokai hamsin, amma da wuya aminansa su wuce biyu ko uku.

Akwai kuma *tsara* ko *sa'a*, wato wanda aka haife ku a lokaci guda da shi, kuka tashi tare. Ba dole ne tsaranka ya zama abokinka ba, sai dai yawancin abokan ƙuruciya daga cikin tsararraki suke fitowa.

Kalmar aboki takan haɗu da wasu kalmomi ta ba da sabuwar ma'ana. *Abokin aiki* shi ne wanda kuke aiki wuri ɗaya. *Abokin ciniki* shi ne wanda kuke saye da sayarwa da shi. *Abokin tafiya* shi ne wanda hanya ta haɗa ku. Amma ku yi hattara: *abokin gaba* maƙiyi ne, *abokiyar zama* kuwa sau da yawa kishiya ake nufi.

*Abokin wasa* yana da ma'ana biyu. Ta farko, yaron da kuke wasa tare. Ta biyu, mutumin da al'ada ta yarda ku yi wa juna ba'a ba tare da kowa ya yi fushi ba. Irin wannan wasa yana tsakanin taubasai, wato 'ya'yan mace da 'ya'yan ɗan'uwanta namiji, da kuma tsakanin kakanni da jikoki. Yana kuma tsakanin al'ummomi: Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa.

Inda Abota Take Tsira

A ƙasar Hausa, wurare uku ne suka fi haɗa yara: dandali, makaranta da wurin aiki.

Dandali fili ne a tsakiyar unguwa ko ƙauye inda yara suke taruwa da dare, musamman lokacin farin wata. 'Yan mata sukan yi gaɗa, suna tafi suna waƙa. Da rana kuma sukan yi carafke da 'yan duwatsu, ko su yi wasan 'yar tsana. Yara maza sukan yi langa. A wasan langa, kowane yaro yakan riƙe ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya, ya riƙa tsalle da ɗayar. Akan kasu gida biyu. Kowane ɓangare yana da ɗan wasa guda da ake kira *ruwa*, kuma aikin sauran shi ne su kare shi daga abokan karawa har ya isa wurin da aka ƙayyade. Ku duba darasin da ke cikin wannan wasa: yaro yakan yarda a kayar da shi ƙasa domin wani ya kai ga nasara.

A watan azumi, daga daren goma ga wata, yara sukan fita tashe. Sukan bi gida-gida suna wasannin ban dariya, a ba su hatsi ko kuɗi, su tara su raba. Wurin rabon nan ne yaro yake fara gane wanda yake da gaskiya da wanda yake da haɗama.

A makarantar allo da ta boko, yara sukan zauna kan tabarma ɗaya ko benci ɗaya, su ci abinci a kwano ɗaya, wani lokaci a hore su tare saboda laifi ɗaya. A wurin aiki kuma sukan tafi kiwo, ko ɗiban ruwa, ko neman itace tare. Idan sun zama samari sukan yi gayya, wato su taru su nome gonar ɗaya daga cikinsu yau, gobe su koma ta wani. Hausawa suna cewa, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Nauyin da Al'ada ta Ɗora wa Aboki

A wurin Bahaushe, abota tana da aikin yi. Ana ganin wannan a fili lokacin aure. Ango yakan zaɓi *babban aboki*, kuma galibi abokin ƙuruciya ne. Shi ne yake raka shi zance tun farko, shi yake kai saƙo, shi yake tsayawa kan hidimar biki. Ita ma amarya tana da *babbar ƙawa*, wadda take tare da ita tun daga sa lalle har zuwa ɗakin miji. Ranar kamu, ƙawaye ne suke ɓoye amarya, sai dangin ango sun ba su wani abu kafin su fito da ita. Daren da aka kai amarya kuma, abokan ango sukan zo *sayen baki*, su yi ciniki cikin raha da ƙawayen amarya kafin ta yarda ta yi magana.

Bayan aure, aikin bai ƙare ba. Idan saɓani ya shiga tsakanin miji da mata, sau da yawa babban aboki ne yake fara shiga tsakani kafin magana ta kai ga iyaye. Ranar suna yana nan, ranar rashin lafiya yana nan, ranar mutuwa yana cikin masu karɓar gaisuwa. 'Ya'yan abokinsa sukan kira shi Baba, shi ma yana kiran mahaifiyar abokinsa Inna ko Mama, yana durƙusawa ya gaishe ta kamar tasa.

Mata suna da wata al'ada mai suna *biki*. Idan hidima ta tashi a gidan mace, ƙawarta takan kawo mata gudummawa. Ranar da hidima ta tashi a gidan ƙawar, sai ita ma ta mayar, kuma bisa tsohuwar al'ada ninki ake mayarwa. Idan abin ya yi yawa har ya fi ƙarfinsu, sai su daidaita, su koma ƙasa su sake farawa. Wata dattijuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, wadda ta rayu daga 1877 zuwa 1951, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan *Baba of Karo*. A cikin labarin ta bayyana yadda matan zamaninta suke ƙulla ƙawance ta hanyar musayar kyauta, da yadda ƙawaye suke tsaya wa juna a bukukuwa. Wannan yana nuna muku cewa al'adar ta daɗe.

Misalai daga Tarihi

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a 1793. Ta tashi a Degel tare da wata yarinya mai suna A'isha, 'yar Umaru Alkammu, wanda shi ma babban aminin Shehu ne. A 1804 jama'ar Shehu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka shiga shekarun yaƙi da yunwa da ƙaura. Daga baya A'isha ta auri Muhammadu Bello, yayan Asma'u, ita kuma Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello wanda ya zama wazirinsa. Ƙawancen matan nan biyu ya kai kusan shekara sittin. Da A'isha ta rasu, Asma'u ta rubuta mata waƙoƙin makoki waɗanda har yau masana suke nazarin su. Ku lura da cewa aminci ya fara daga iyaye, ya gangaro kan 'ya'ya.

Misali na biyu daga makaranta ne. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina. Yara daga lardunan Arewa daban-daban suka haɗu a can. Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Rabah ta ƙasar Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo daga Bauchi, sun yi zamani ɗaya a makarantar, kuma a can suka san juna. Bayan shekaru, na farko ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, na biyu ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. An mayar da makarantar Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce a yau ake kira Kwalejin Barewa.

Shugabannin Nijeriya sun fahimci cewa sabon da aka yi tun ana yara yana da ƙarfi. Wannan ne ya sa a 1966 aka buɗe kwalejojin gwamnatin tarayya a Sakkwato da Warri da Okposi, domin yara daga sassa daban-daban su yi karatu wuri ɗaya. Bayan yaƙin basasa da aka yi daga 1967 zuwa 1970, an ƙara yawan irin waɗannan makarantu. A 1973 kuma gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda yake tura matasa aiki a jihohin da ba nasu ba.

Me ya sa Abotar Ƙuruciya ta fi Ƙarko?

Dalili na farko shi ne ba a gina ta kan abin duniya ba. Yaro ɗan shekara bakwai bai san dukiyar mahaifin abokinsa ba, bai kuma damu da ita ba. Abin da ya sani shi ne wannan yaro yana raba ƙosansa biyu ya ba shi rabi. Idan mutum ya girma ya sami kuɗi ko muƙami, jama'a za su kewaye shi, har ya kasa gane wanda yake son sa da wanda yake son abin hannunsa. Game da abokin ƙuruciya kuwa ba shi da wannan shakka, domin ya so shi tun ba shi da komai.

Dalili na biyu shi ne gaskiya. Babban mutum yana da masu yabon sa da yawa, amma masu iya gaya masa ya yi kuskure kaɗan ne. Wanda ya gan ka kana kuka ranar da aka fara kai ka makaranta ba ya jin tsoron rawaninka. Yana iya kiran ka gefe, ya ambaci sunan da ake tsokanar ka da shi tun kuna yara, ya gaya maka maganar da kowa ya kasa faɗa.

Dalili na uku shi ne shaida. Abokin ƙuruciya ya san gidan da aka haife ka, ya san kakarka da ta rasu, ya san bishiyar da ke ƙofar gidanku kafin a sare ta. Idan iyaye suka kau, shi ne yake tuna maka da waɗannan abubuwa. Ba ka bukatar dogon bayani kafin ya fahimce ka. Shi ya sa Hausawa suke cewa, "Da tsohuwar zuma ake magani."

Abubuwan da Suke Kashe Abota

Abota tana iya mutuwa, kuma galibi ba faɗa ne yake kashe ta ba. Shiru ne. Wata ɗaya ya wuce ba a gaisa ba, shekara ta wuce, daga nan kowa ya fara jin nauyin neman ɗan'uwansa. Hausawa sun ce, "Zumunci a ƙafa yake." Ma'ana, sai an tashi an je. A yau wayar hannu ta sauƙaƙa gaisuwa, kuna iya aika saƙo ta WhatsApp cikin daƙiƙa ɗaya. Duk da haka, ranar da mahaifin abokinku ya rasu, saƙon waya ba zai zauna kan tabarma ya taya shi karɓar gaisuwa ba.

Abu na biyu shi ne girman kai da hassada. Ba dole ne abokai su sami arziki iri ɗaya ba. Wanda ya samu yana iya fara gudun abokinsa, wanda bai samu ba kuma yana iya fara jin haushi. Kowannensu yana da aikin yi: mai samu ya riƙa zuwa da ƙafarsa, ya zauna inda ya saba zama, marar samu kuma kada ya mayar da kowace ziyara ta zama roƙo.

Abu na uku shi ne bashi da tsegumi. Idan kun ari kuɗi ko littafi a wurin aboki, ku mayar a kan lokaci. Idan aka kawo muku maganarsa, ku same shi ku tambaye shi kafin ku yanke hukunci. Saɓani kuwa ba abin mamaki ba ne. An ce, "Zo mu zauna, zo mu saɓa," an kuma ce harshe da haƙori ma sukan saɓa. Wanda ya fara ba da haƙuri bai rage komai daga darajarsa ba.

Ba Kowane Tsohon Aboki ne Abin Riƙo ba

Daɗewa kaɗai ba ta mai da abota ta zama mai kyau. Hausawa sun yi gargaɗi da cewa, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai," sun kuma ce, "Abokin ɓarawo ɓarawo ne." Idan wanda kuka tashi tare ya shiga shaye-shaye, ko satar jarrabawa, ko ƙungiyar asiri, haƙƙinsa a kanku shi ne ku yi masa nasiha, ku kuma sanar da babban da zai iya taimakon sa. Bin sa cikin ɓarna ba amana ba ce. Idan ya ƙi ji, ku ja jikinku, amma ku ci gaba da gaishe shi da yi masa fatan shiriya. Wata rana yana iya dawowa, kuma zai bukaci wanda ya san shi kafin ya lalace.

Abota da Koyon Harshe

Yawancinku ba Hausa ce harshenku na gida ba. To, ku sani cewa babu malamin harshe kamar abokin wasa. An haifi Dokta Nnamdi Azikiwe, shugaban Nijeriya na farko, a Zungeru a 1904. Iyayensa mutanen Onitsha ne, amma ya tashi yana jin Hausa saboda ita ce ake yi a inda ya yi yarintarsa. A garuruwanku ma akwai Hausawa: a Sabo ta Ibadan, a Agege da Idi-Araba ta Legas, a Ama Awusa ta Owerri. Wataƙila a ajinku akwai ɗansu ko 'yarsu. Ku gaishe su da Hausa, ku yi kuskure su gyara muku, ku ma ku koya musu harshenku. Ranar da aka yaɗa jita-jita a kan wata ƙabila ko wani addini, wanda yake da amini a cikinsu ba ya saurin yarda, domin ya ci abinci a gidansu, ya san yadda suke.

Tattaunawa

Wasu abokan ƙuruciya biyu sun haɗu bayan shekara goma. Ku karanta bibbiyu.

Baƙo: Salamu alaikum.

Maigida: Wa alaikumus salam. Kai! Wa nake gani haka? Mutumina!

Baƙo: Ni ne. Ashe rai kan ga rai!

Maigida: Maraba, maraba! Shigo daga ciki. Kwana da yawa.

Baƙo: Wallahi kuwa. Ina gajiya? Yaya iyali?

Maigida: Lafiya lau. Yaya hanya? Ina ka shiga haka, ko waya babu?

Baƙo: Aiki ne ya kai ni Fatakwal, lambarka kuma ta ɓace mini. Jiya na iso gari, na ce ba zan kwana biyu ban zo ba. Yaya jikin Inna?

Maigida: Da sauƙi. Tana ciki. Kullum takan tambaye ni labarinka.

Baƙo: Allah sarki! Bari in shiga in gaishe ta tukuna. Har yanzu tana yin wainar nan?

Maigida: Wadda mukan ɗauka a ɓoye kafin mu tafi makaranta? Ai ta san mu ne, kawai takan yi shiru.

Baƙo: To, yau zan biya bashi.

Maigida: Fara shan ruwa. Ba inda za ka sai ka ci tuwo.

Ma'anar Kalmomi

- ƙuruciya: lokacin da mutum yake yaro
- ƙarko: daɗewa ba tare da lalacewa ba
- jinka: rufin ɗaki na ciyawa
- haɗama: son ɗaukar fiye da rabon mutum
- gudummawa: taimakon da ake kawowa lokacin hidima
- ninki: abu sau biyu
- makoki: zaman baƙin ciki bayan mutuwa
- kau: rasu, mutu
- tsegumi: maganar mutum a bayan idonsa
- nasiha: shawarar da ake ba mutum don ya gyara halinsa
- jita-jita: labarin da ba a tabbatar da shi ba

Nahawu

*(a) Lokaci sabau.* Ana amfani da shi wajen nuna aikin da aka saba yi. Alamarsa ita ce *-kan*, wadda ake liƙa wa wakilin suna: nakan, kakan, kikan, yakan, takan, mukan, kukan, sukan, akan. Misali:

- Nakan ziyarci abokina ranar Asabar.
- Takan taya ƙawarta aiki.
- Da muna yara, mukan yi langa a dandali.

Wajen korewa, ana sa *ba* a farko da kuma ƙarshe: Ba mukan yi faɗa ba.

*(b) Sunayen hali da dangantaka.* Ana samar da su ta hanyar ƙara ɗafa-ƙeya ga suna:

- aboki: abota, abokantaka
- ƙawa: ƙawance
- yaro: yarinta
- maƙwabci: maƙwabtaka
- ɗan'uwa: 'yan'uwantaka

Auna Fahimta

1. Mene ne bambanci tsakanin aboki da amini?
2. Kawo ma'anoni biyu na *abokin wasa*.
3. Wane aiki *ruwa* yake yi a wasan langa?
4. Faɗi ayyuka uku na babban aboki.
5. Wace dangantaka ce tsakanin Nana Asma'u da A'isha?
6. A wace shekara aka buɗe Kwalejin Katsina, kuma mene ne sunanta a yau?
7. Kawo dalilai uku da suka sa abotar ƙuruciya ta fi ƙarko.
8. Me ya kamata ku yi idan abokinku ya shiga mugun hali?

Cike Gurbi

Ku cike kowane gurbi da lokaci sabau da ya dace:

1. Ni da ƙawata ______ tafi makaranta tare.
2. Yara ______ fita tashe a watan azumi.
3. Inna ______ ba mu waina da safe.
4. Kai ______ zo gidanmu ranar Lahadi.
5. A ƙauyenmu ______ yi gayya da damina.

Aikin Aji

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya zaɓi karin magana ɗaya daga cikin darasin, ya bayyana ma'anarsa da Hausa, sannan ya kawo wani karin magana daga harshenku na gida mai ma'ana kusa da shi.

Jinga

1. Ku tambayi mahaifinku, ko mahaifiyarku, ko wani babba a gidanku game da abokinsa na ƙuruciya: a ina suka haɗu, wane wasa sukan yi, kuma yaushe suka ga juna na ƙarshe? Ku rubuta amsar da Hausa cikin jimla goma.
2. Ku rubuta wasiƙar zumunci mai kalmomi 120 zuwa ga aboki ko ƙawar da kuka yi makarantar firamare tare. Ku sa adireshi da kwanan wata a sama. Ku fara da gaisuwa, ku tambayi lafiyar iyayensa, ku tuna masa da wani abu da kukan yi tare, sannan ku faɗi ranar da kuke sa ran kai masa ziyara.